Farantin da Ke Ƙarƙashin Bonet

Daga Melbourne ya taso da tocila a aljihu,
Petros Lambrou, mai farin takalmi,
tuƙin kwana biyu don akori-kurar babana.
Bai gama gaishe ni ba ya nemi in buɗe bonet.

Da yatsa ya share ɗan farantin ƙarfe,
ya bi lambobin kamar mai karanta wasiyya:
wannan harafi, fenti ruwan lemo;
wannan, inji mai silinda takwas;
wannan kuwa, muryarsa ta ɗan karye,
rufin da ake zugewa da hannu.
"A motar ɗaukar kaya! Wa ya nemi haka daga kamfani?"
Na ce, Clarrie Wundke, mai tumaki dubu uku,
wanda barci ba ya ɗaukarsa sai yana ganin taurari.

Sai ya shimfiɗa buhu, ya shige ƙarƙashinta.
Shirun ya yi tsawo
har na ji tsatsa na zuba a kan rigarsa.
"Wa ya yi mata wannan aika-aika?"
Ya ga aksil ɗin gaba na wata tsohuwar jif,
farfela ta biyu, walda kamar tabon ƙuna,
an ɗaga ta taƙi guda daga ƙasa,
an huda daben bodi don sandar giyar taimako.
"Da an bar ta yadda ta fito,
da kuɗinta ya sayi gida a bakin teku."

Ban amsa ba. Na ɗora ruwan shayi.

Ina da shekara tara lokacin da rafin ya kawo.
Rafin da muke wasan ƙwallo a cikinsa rani bakwai
ya tashi dare ɗaya da kumfa da kututture.
Ranar ce maciji ya sari Lindsay a bayan rumbun ulu.
Baba ya sa shi a gaba, ya taka totur,
tayoyin baya suka yi ta juyi a laka,
na gaba suna tsaye, ba su san ana yaƙi ba.
Ya saɓa shi a kafaɗa ya haye da ƙafa.
Hawker na da nisa.
Lindsay bai kai ba.

Duk hunturun nan ba mu ji maganar Baba ba,
sai zarto, sai guduma,
sai shuɗin hasken walda ta ɓular kwano.
Inna takan ajiye masa abinci a bakin ƙofa.
Da itatuwan turare suka yi fure ya turo ta waje,
doguwa, karkatacciya, ƙafa huɗu duk suna ja.

Tun daga nan laka ba ta sake riƙe ta ba.
Ta kai unguwarzoma gidan su Thiele cikin ambaliya,
ta ja motar wasiƙu, ta ja motar ɗan sanda,
ta ja tarakta sau ɗaya, har kuloci ya yi wari.

Na faɗa masa wannan a tsaye, ba duka ba.
Na miƙa masa sukudireba: "Ga abin da ka zo nema,
noti biyu ne kawai, cire farantin ka tafi da shi."
Ya dubi hannuna. Bai karɓa ba.

Da yamma na tayar da ita, sai a murɗawa ta uku.
Muka gangara rafin, busasshe kamar tafin hannu,
kangaru biyu suka tsallake gabanmu.
A tsakiyar yashi na tsaya, na ce ya ja sandar.
Ta yi tauri. Ya sa hannu biyu.
Ƙarfe ya kama ƙarfe,
muka ji gaban motar ya farka.

Ya zuge rufin da kansa.
Har muka dawo bai ƙara ambaton kuɗi ba,
takalminsa ya yi ja.